Kafin ka biya kuɗin wancan Player's Handbook ɗin

Ɗan'uwa, ka ce an yi maka tayin Player's Handbook, littafin dokokin wasan Dungeons & Dragons, na hannu da araha, kana tambaya ko zai yi maka aiki a teburin abokanka da ke wasa da bugu na biyar. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi. Kada ka tura ko sisi sai ya ɗauko maka hoton shafin ciki da ke ɗauke da shekarar bugawa.

Haka wani mai sayar da tsofaffin littattafai a intanet ya yi min. Har rantsuwa ya yi wai sabon bugu ne. Na tara kuɗi da kyar, littafi ya iso, na yi ta kwana ina gina jarumin da zan yi wasa da shi, har sunan kakansa na ƙirƙira. Ranar wasa mai jan labari, wato wanda ke jagorantar wasan, ya buɗe littafin, ya ga layukan nan kore da ja da baƙi a kan kowace baiwar jarumai, ya ce min wannan ai bugu na huɗu ne, na 2008, dokokinsa daban. Ina zaune kowa na jefa ɗan lidonsa, ni takardata ba ta da amfani. Na kira mutumin, ya ce ai suna ɗaya ne, daga baya ma ya toshe lambata. Har yau abin na ci min rai, don ya san abin da ya sayar.

Sunan ne ke ruɗar mutane. TSR, kamfanin da ya fara buga wasan, ta fitar da na Gary Gygax, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, a 1978, ta sake fitar da wani a 1989. Wizards of the Coast ta sayi TSR a 1997, ta kawo bugu na uku a 2000, ta gyara shi a 2003, sai na 2008, sai na biyar a 2014. Kuma waɗannan biyun na ƙarshe ba a rubuta lambar bugu a fuskar bangonsu ba. In ka ga tambarin TSR, tsohon zamani ne.

Ba wai na raina tsofaffin ba fa. Na 1989 yana da daɗi in duk teburin shi ake bi, ko da yake lissafin THAC0, wato na gane ko harinka ya sami abokin gaba, sai an yi haƙuri.

Ka tambayi mai jan labarinku ko na 2014 yake amfani da shi ko gyararren 2024, don akwai bambanci. Kafin nan ka sauke Basic Rules, taƙaitattun dokokin wasan na kyauta da Wizards ta saki, ya ishe ka ka fara zama da su.