Taraktata tana shuɗin hayaƙi: in sauke inji yanzu ko in bari sai bayan damina?

Wani manomin shinkafa daga yankin Kura ya rubuto: "Assalamu alaikum. Ina da Massey Ferguson 375, ta shekara 15 a hannuna. Tun tsakiyar rani take fitar da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kuma duk bayan kwana biyu sai an ƙara mata baƙin mai. Bakanikena ya ce a sauke inji a sa sabon ringi (zoben fistin) da siliba (rigar cikin silinda). Ga damina ta kawo kai, har na karɓi kuɗin haro a hannun mutane. Ina mafita?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bari a kwance ko noti ɗaya tukuna. Shuɗin hayaƙi alama ce cewa baƙin mai yana shiga inda gas kaɗai ya kamata ya ƙone, a nan bakaniken naka bai yi kuskure ba. Sai dai ƙofar da man ke bi ba ɗaya ba ce, kuma wasu ƙofofin ana toshe su ba tare da an kashe ko sisi ba.

Fara da tabbatar da launin. Baƙin hayaƙi na nufin gas ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan. Fari kuwa gas ne da bai ƙone ba, ko ruwa ya shiga silinda. Nozul, wato abin da ke fesa gas cikin silinda, in yana ɗiga yakan ba da hayaƙi tsakanin fari da shuɗi, mai yaji a ido, yana rikita mutane ƙwarai. Na baƙin mai warinsa daban ne, kamar an ɗiga mai a kan garwashi.

Da sassafe, kafin a tayar da ita, ka tsayar da ita a wuri mai lebur ka zaro gejin auna baƙin mai da hannunka. Direbobi da yawa suna cika mai har ya haye layin sama, a ganinsu gata suke yi wa inji, alhali rarar ce ke fantsama tana ƙonewa. Ka murza man a yatsa ka sansana. In ya tsinke kamar ruwa yana warin gas, to gas ne ke zurarewa cikinsa, galibi ta ƙaramin famfon nan na gefen inji da ake dannawa da hannu in iska ta shiga layi. Robar cikinsa ce takan tsage. Gyaransa bai kai kuɗin sauke inji ba.

Sai matacin iska. In irin mai kwanon mai a ƙasa ne, ka kwance kwanon ka duba, akwai layi a jikinsa. Na taɓa tsayawa a kan wata tarakta da har an yi cinikin sauke injinta, muka kwance kwanon nan muka tarar yaron mota ya cika shi fal da tsohon mai, ga laka ta kwanta a ƙasa ta kai kaurin yatsa biyu. Injin zuƙe man yake yi tare da iska. Aka wanke, aka zuba daidai layi, kafin la'asar hayaƙin ya ɗauke.

Ka ce tun rani abin ya fara, shi ya sa zan tambaye ka aikin da ta yi a ranin. In jan tankin ruwa ne da tsayuwa a kunne tana silo awa da awanni, injin dizal ba ya son haka. Ba ya yin zafi sosai, bangon silinda ya yi santsi, ringi ya kasa share mai, har ka ga baƙin ruwa-ruwa na tsatsafowa a bakin salansa. Ka ɗaura mata haro ta ci ƙasa awa 2 ko 3 da ƙarfinta. Sau da yawa wannan kaɗai yakan rage hayaƙin.

In duk ka bi waɗannan abin bai canza ba, sai a saurari injin kansa. Akwai bututun numfashi da ke saukowa ƙasa a gefensa. Bayan ya yi zafi ka tara tafin hannunka a bakinsa. Ɗan tururi kaɗan ba komai ba ne a tsohon inji. Amma in yana huci fuf-fuf yana fesa maka mai a hannu, ringi ya gaji. Ka nemi a zare nozuloli a auna matsin kowace silinda da geji, a rubuta maka lambobin huɗu ka gani da idonka.

Shawarata ita ce: in tana tashi da safe ba gardama, tana jan haro kamar da, fitilar mai tana mutuwa da zarar ta tashi, ka yi daminarka da ita. Ka riƙa duba mai safe da rana, kana rubuta litar da ta sha da awannin da ta yi. In kuwa sai an tura, ƙarfi ya ragu, numfashi na huci, sauke ta yanzu ya fi ta kwanta maka a tsakiyar gonar wani. Akwai haɗari guda da nake so direbanka ya sani: injin da ke zuƙar mai da yawa yana iya kama gudu da kansa, a ja abin kashewa ya ƙi mutuwa, don mansa yake ci. Abin yi shi ne a toshe hanyar iska da katako ko wani abu mai tauri, ba da tafin hannu ba.

In ta kai ga saukewa, kada ka yarda da "a sa ringi kawai" a kan silibar da ta cinye, kuɗin zai tafi hayaƙin ya dawo. Ka sayi fistin, ringi da siliba tare, ka je kasuwa da lambar da ke jikin injin, domin injinan Perkins, irin wanda ke cikin taraktarka, suna kama da juna amma awonsu ya bambanta. A kai kan injin a duba bawul da hanyoyinsu. Sannan abin da aka fi mantawa: ka cire robar da ta haɗa matacin iska da inji ka shafa cikinta da yatsa. In ka ji ƙura, ka gano abin da ya cinye ringin farko. Ƙurar hunturu da ta haron busasshiyar ƙasa kamar sanfefa take a cikin silinda, kuma tsaga ɗaya a robar nan ta isa ta gama da sabon ma. Bayan gyara a canza mai wajen awa 50 na farko.

Wata shugabar ƙungiyar mata manoma daga Funtuwa ta ce sun samu tsohuwar MF 260 da sauƙin kuɗi. Tana ɗan shuɗin hayaƙi in an tayar, sai ya ɗauke. Su saya?

Hajiya, hayaƙin da ke fita a tashin farko ya ɓace cikin minti kaɗan yawanci mai ne da ya sulalo ta bawul cikin dare, gyaran kan inji ne, ba ya hana ciniki amma yana rage farashi. Sharaɗina shi ne ku je da naku bakaniken da sassafe, ku dafa injin ku ji shi da sanyi. Mai sayarwar da ya riga ya ɗumama ta kafin ku iso akwai abin da ba ya so ku gani. Ita 260 tana da tobo, wato fankar da ke tura ƙarin iska cikin inji, don haka a cire bututun da ya fito daga tobon a leƙa. Danshin mai kaɗan ana samu, amma in mai ya kwanta a ciki, ko sandar tsakiyar tana girgiza har fankar na gogar bango, ku cire kuɗin tobo daga cinikin. Kada ku biya sai kun ga ta yi awa guda a gona da garma.

Wani matashi mai hayar tarakta daga Maraɗi ya tambaya ko ya sayi maganin nan mai kauri kamar zuma da ake cewa yana tsayar da hayaƙi.

Ɗan'uwa, yana rage hayaƙin na ɗan lokaci saboda yana kaurara mai, amma ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa, kuma da sanyin safiya man mai kauri yana jinkirin isa ga metal, wato ƙarafunan da sandar inji ke juyawa a kansu. Kuɗin nan ka sayi man injin dizal na gaske, 15W-40, a jarka mai hatimi, ka haɗa da sabuwar filta, ka riƙa juyewa wajen kowace awa 250, ko ƙasa da haka lokacin ƙura.