Filash ya ƙi tashi, hotunan Innata kuma suna cikin kwamfutar

Assalamu alaikum Anti. Ina gaishe ki, ina gaida iyali. Ni 'yar shekara 19 ce, ina rubuto miki daga wani ƙauye a ƙasar Ringim, jihar Jigawa. Yau kwana goma sha ɗaya rabona da barcin kirki, kuma na rasa wanda zan faɗa wa sai ke.

Bara bayan an yi kakar riɗi, Yayana da ke ɗinki a Kano ya haɗa kuɗinsa da ɗan abin da Baba ya ba shi, ya saya mini kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, HP EliteBook, don in riƙa gwada jarrabawar JAMB kafin lokaci. Garinmu ba wuta, wurin mai cajin waya da sola nake kai ta. Da Malaminmu na Islamiyya ya ga na iya buga rubutu, sai ya damƙa mini sakamakon jarrabawar ɗalibai gaba ɗaya. A cikinta kuma na zuba hotunan Innata, Allah ya jiƙanta, waɗanda na kwashe daga tsohuwar wayarta kafin ta lalace. Har da saƙon murya guda biyu, ɗaya tana kirana in zo in sauke tuwo. Ba su ko'ina a duniya sai nan.

Tun zuwanta agogonta ba ya zama daidai. Duk sanda caji ya ƙare ƙaf, sai in tarar kwanan wata ya koma shekarun baya, in gyara in ci gaba da aikina. To da hazon nan ya sauko, ta yi kwana uku ba caji. Da na karɓo ta na kunna, sai baƙin allo, an rubuta "Boot Device Not Found", a ƙasa kuma 3F0.

Ɗan maƙwabtanmu da ke karatu a Dutse ya ce Windows ne ya mutu, sai an saka sabo. Yana da fayil ɗin Windows 10, wai ISO. Na sayi filash mai giga 32 a kasuwa. Da farko fayil ɗin ƙin shiga ya yi, wai ya yi girma, alhali ba komai a filash ɗin. Ya yi masa wani abu ya shiga. Na soka na kunna, saƙon nan dai ya sake fitowa. Ran kasuwa ta gaba na bi mota zuwa cikin gari, wani mai shagon buga takardu ya sake haɗa mini filash ɗin da wata manhaja wai ita Rufus, bai ko tambaye ni irin kwamfutata ba. Ya ce in danna maɓallin F9. Na danna, jerin abubuwan da za ta iya tashi da su ya fito, amma babu sunan filash ɗin a ciki.

Anti, kowace Juma'a Yaya sai ya kira ya tambayi karatu, in ce masa lafiya lau. Matar Babana dama tun farko ta ce da keken ɗinki aka saya mini da ya fi. Malam kuma ya fara tambayar sakamako. Kwamfutar ta mutu ne? Me ya sa filash ɗin ya ƙi? Kuma da wane baki zan faɗa wa Yaya?

'Yarki daga ƙasar Ringim

*

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan Inna, ya kai haske kabarinta.

Ki zare filash ɗin nan ki ajiye shi tukuna. Da na kai wurin da kika ce ya ƙi tashi, hamdala na yi. Da ya tashi, da ya kai ki shafin da ke jero ɓangarorin rumbun ajiyar kwamfutar, abin da masu gyara ke kira had dis, ga Delete ga Format a ƙasa. Yawancin masu saka Windows a nan suke share komai, don ya fi musu sauri. Da kin bi abin da aka nuna miki, da muryar Inna ta tafi a cikin ƙiftawar ido. Saboda haka daga yau, ko wa kika kai wa kwamfutar nan, maganarki ta farko ita ce: kada a yi mata fomat, akwai kayana a ciki. Ki faɗa tun ba a buɗe ta ba, kuma ki tsaya a wurin.

Batun agogon da kika ambata a kan hanya, shi ya fi ɗaukar hankalina. A cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, ana ce masa batirin CMOS. Shi ke riƙe agogo da saitin BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke fara farkawa ta nemo Windows ta tashe shi. In ya mutu, kuma babban batir ya ƙare ƙaf, agogo kan koma baya, saitin ma yana iya komawa yadda aka fito da shi daga kamfani. Hanyar tayar da kwamfuta kuwa iri biyu ce, tsohuwa da ake kira Legacy da sabuwa da ake kira UEFI. Windows ɗin da aka saka ta tsohuwar hanya ba ya tashi ta sabuwa, na sabuwar ma ba ya tashi ta tsohuwa. Kwamfutarki ta yi kwana uku ba wuta, ta farka tana cewa ba ta ga abin tashi ba. Ni zatona mai ƙarfi shi ne Windows ɗinki yana nan lafiyarsa ƙalau, ƙofar da ake shiga wurinsa ce aka sauya.

Gwada wannan ba ya cin ko kwabo. Ki cika ta da caji. Da kin danna makunni, ki yi ta taɓa maɓallin Esc a jere kafin tambarin HP ya wuce, za ta kawo miki ɗan jeri. Ki fara da F2, ki zaɓi gwajin had dis, ki bar shi ya gama. In ya ce ya ci gwajin, hankalinki ya kwanta. Sai ki sake kunnawa, Esc, sannan F10, ki nemi Boot Options. Kafin ki taɓa komai, ki ɗauki hoton allon da wayarki, domin ki iya mayar da shi yadda kika same shi. Ki duba inda aka rubuta Boot Mode. In yana kan UEFI ki mayar da shi Legacy, in yana kan Legacy ki gwada UEFI. A irin waɗannan EliteBook ɗin akan sami na uku, UEFI Hybrid, shi ma ki gwada. Ki adana, ki fita, ki kunna ba tare da filash ba. Abu ɗaya za ki riƙa sauyawa a kowane gwaji. Wanda ya murɗa abu biyar a lokaci guda, ko ta tashi bai san wanne ya yi aiki ba, in ta ƙi kuma ya ƙara wa kansa ruɗani.

Idan Windows ya taso, kada ki tsaya murna, nan take ki kwashe hotuna da muryoyi da sakamakon Malam zuwa wani wuri, wuri biyu ma. Daga baya a canza ɗan batirin, kuɗinsa ba yawa.

In kuwa gwajin F2 ya ce had dis ya faɗi, ko ya ce bai gan shi ba sam, to ki kashe ta ki daina kunnawa. Wani lokaci sassautawa kawai ya yi a mazauninsa, musamman kwamfutar da ke shan jijjiga a bayan babur, mai gyara ya zare ya mayar shi ke nan. In ciwo ne na gaske, yawan kunna shi na ƙara masa rauni. Ana iya ciro shi a sa shi cikin ɗan akwatin USB, a jona da wata kwamfutar a kwashe kayan. Wannan aikin na Kano ne, ba na shagon buga takardu ba.

Yanzu ga amsar filash ɗinki. Karon farko dama ba zai tashi ba. Fayil ɗin ISO kamar ƙunshin kaya ne a ɗaure. In kin kwafa shi cikin filash yadda ake kwafar waƙa, yana nan a ɗaurensa, BIOS ba ta san yadda za ta kwance shi ba. Sai an sa manhaja irin Rufus ta warware shi ta shimfiɗa, ta rubuta ɗan abin da BIOS ke nema a farkon tashi. Ƙin shigar da ya yi kuma ba laifin girman filash ba ne. Yawancin ƙananan filash suna zuwa da tsarin FAT32, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, na Windows 10 kuma ya haura giga 5.

Karo na biyu, mai shagon ya yi amfani da abin da ya dace, sai dai ya tsallake tambayar da ta fi kowacce muhimmanci. A Rufus akwai wurin zaɓar tsarin da za a shimfiɗa filash a kai, GPT ko MBR. GPT na UEFI ne, MBR kuma na Legacy. In aka haɗa filash ɗin Windows da GPT aka soka a kwamfutar da ke kan Legacy, ba zai tashi ba, wani lokaci ko sunansa ba za a gani a jerin F9 ba. Akasin haka ma haka ne. Wato dai cutar da nake zargi ta kama Windows ɗinki, ita ce za ta iya hana filash ɗin fitowa. Ki kuma duba cikin Boot Options ɗin nan ko an kashe tashi ta USB. Kwamfutocin hannu da yawa daga ofisoshin ƙasashen waje suka fito, can kuwa sukan kulle wannan da gangan. In kin ga Secure Boot a kunne, wato saitin tsaro da ke hana tashi da manhajar da bai amince da ita ba, ki kashe shi na ɗan lokacin gwaji. Ki soka filash tun kafin ki kunna, kai tsaye a jikin kwamfutar, in wannan kafar ta ƙi ki koma wata. Ki hure ƙurar hunturu daga cikin kafofin ma.

Hanya mafi sauƙi ta gane mai laifi ita ce ki soka filash ɗin a kwamfutar ɗan maƙwabtanku, ku ga ko zai tashi. Ku tsaya a shafin farko kawai, kada ku ci gaba. In ya tashi a can, matsalar tana saitin taki. In ya ƙi a can ma, to ko fayil ɗin ne ya yanke wajen saukewa, abin da ke yawan faruwa inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, ko filash ɗin jabu ne. Akwai filash da ake rubuta wa giga 32 ko 64 alhali cikinsa bai kai haka ba, ya nuna miki ya karɓi kaya, ashe lalata su yake yi. Rufus na da wurin da za a ce ya binciki filash kafin ya rubuta, "Check device for bad blocks", yana ɗaukar lokaci amma yana tona asirin irin waɗannan. Don Allah kada ki ajiye hotunan Inna a wannan filash ɗin sai an gwada shi. Ki tuna kuma Rufus na share duk abin da ke cikin filash kafin ya fara aiki.

Idan had dis lafiya yake amma Windows ya ƙi tashi ta kowace hanya, ni ba filash ɗin Windows zan fara haɗa miki ba, na Linux Mint zan haɗa, wata babbar manhaja ce mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Girmansa kusan giga 3 ne, kyauta ne, kuma yana tashi ya yi aiki daga cikin filash ba tare da an saka shi a kwamfutar ba. Daga nan za ki buɗe had dis ɗin kamar kin buɗe akwati, ki kwashe kayanki zuwa wani filash ko katin waya. Kada dai ki taɓa alamar Install da ke kan allon. Sai kaya sun fita lafiya, kin buɗe su a wani wuri kin ji muryar da kunnenki, sannan a yi maganar sabon Windows. A lokacin ma ki sani Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma yana neman abin da tsofaffin kwamfutoci da dama ba su da shi, kamar wata 'yar na'urar tsaro da ake kira TPM 2.0. Mai gyara ya duba samfurin taki kafin a zaɓa.

Sai maganar Yayanki, ita ta fi taɓa ni. Ba ki yar da kwamfutar nan ba, ba ki zuba mata ruwa ba. Batir ne da ya tsufa tun kafin ta zo hannunki, ko rumbun da ya gaji da aiki. Abin da zai ɓata masa rai shi ne ya ji daga baya cewa Juma'a biyu kina ce masa lafiya lau, kina hawa mota ke kaɗai kina kashe 'yan kuɗinki. Mutumin da ya zauna kan keke yana tara na ɗinki don ki yi karatu, so yake a kira shi ranar da abu ya ɓaci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma yana Kano, inda masu gyaran suke. In abin ya kai ga ciro had dis, shi ne zai tsaya a kansu ya hana a share miki kaya. Kada ki jira Juma'a. Ki kira shi yau bayan Magariba, ki karanta masa saƙon da ke kan allon, ki faɗa masa abin da ke ciki, har da muryar Inna, shi ma ai mahaifiyarsa ce. Maganar keken ɗinki kuwa ki bar ta inda kika ji ta, ba ta buƙatar amsa daga bakinki.

Malam ma ki same shi gobe da safe ki gaishe shi, ki ce kwamfutar ta sami matsala ana kan gyara, ya adana takardun jarrabawar da kika buga daga cikinsu, kada a yar. In ta kama ki sake bugawa, aikin 'yan kwanaki ne. Ki rubuto mini abin da gwajin F2 ya nuna da abin da kika tarar a Boot Mode, ki haɗo da hoton allon in da hali, ina jira.

Antinki