Hukuncin ɓoye kuɗin aikin intanet ga hukumar haraji

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina yi wa mutanen ƙasashen waje zanen tambari ta Fiverr, shafin neman aiki a intanet, ana biyana ta Payoneer, manhajar karɓar kuɗi daga waje. Da na cike takardar harajin shekara, cinikin shagona kaɗai na rubuta, dalolin kuwa asusun matata nake turawa. Wani ɗalibi ya ce haraji maksu ne, wato kuɗin da ake karɓa da zalunci, ɓoye shi ba laifi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya yi wa nemanka albarka. Kuɗinka halal ne matuƙar ba ka zana wa gidan caca ko giya ba.

Abin da ya tsaya mini a tambayarka shi ne takardar da ka sa wa hannu. Ka shaida cewa abin da ka rubuta shi ne duk kuɗin shigarka, alhali ka san da saura. Wannan ƙarya ce, ba ta halatta ba. Dokar harajin da ta fara aiki a Janairun 2026 tana lissafa abin da mazaunin Najeriya ya samu, ko daga waje ya zo, kuma naira 800,000 na farko a shekara ba a karɓar komai a kansu. Ka koma hukumar harajin jiharku ka gyara.

Maganar ɗalibin nan kuwa tana bukatar tsayawa. Gaskiya ne hadisi ya zo da narko kan mai karɓar maksu, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya soki jangali da kuɗin gari na sarakunan Haɓe. To amma wa aka yi wa narkon? Mai karɓa da zalunci. Babu inda nassin ya ba mai biya izinin sa hannu kan ƙarya. Sannan ba kowane haraji ne maksu ba. Imam Gazali da Shaɗibi, wanda ɗan mazhabarmu ta Malikiyya ne, sun halatta wa shugaba ya ɗora wa masu hali wani abu idan baitulmali ya gaza ɗaukar maslahar jama'a, bisa adalci da gwargwadon bukata. Za ka ce ana sace kuɗin. Ana yi, kuma abin yana ci mini rai, amma alhakin yana wuyan wanda ya ci amana, kai kuma za a tambaye ka abin da hannunka ya rubuta.

Haraji ba ya sauke zakka.

Ɗan'uwana, ka cire matarka, baiwar Allah, daga wannan lamari. Idan bincike ya zo, sunanta za a gani. In kuma ta Allah ta kasance gare ka, magada za su yi rigima kan ko kyauta ka yi mata ko ajiya. Ka riƙa adana bayanan Payoneer da rasit na data da kayan aiki, ka nemi masani ya nuna maka abin da doka ta yarda a cire. Kada ka miƙa kuɗi hannun wani ma'aikaci ba tare da rasit ba. Wallahu a'alam.