An ƙara wa farfelata karkata, yanzu jirgin ba ya son barin ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina tuƙa ƙaramin jirgi mai kujera biyu, Zenith CH 701, da injin Rotax 912 ULS. Farfelar mai reshe uku ce, irin wadda ake gyara karkatarta a ƙasa, wato kusurwar da rassanta suke yankan iska da ita. Makanikena ya ƙara wa rassan karkata, ya ce jirgin zai ƙara gudu kuma ya rage shan mai. Tun daga nan, in na riƙe birki na ba da totur gaba ɗaya, inji ba ya wuce juyi 4,700 a minti, alhali da yana kai 5,300. Ranar da na ɗauki mutum ɗaya da rana tsaka a Kano, sai da na ci titi sosai kafin ya ɗaga, zafin inji ma ya hau. Wallahi hankalina ya tashi. Injin ne ya fara mutuwa? Makaniken ya ce in yi haƙuri, zai saba.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sake tashi da jirgin nan sai an gyara farfelar. Inji ba ya sabawa da lodin da ya fi ƙarfinsa, lalacewa yake yi.

Ga dukkan alamu lafiyar injinka ƙalau, tunda juyin ya faɗi ne ranar da aka taɓa farfela. Duk da haka a duba filogi da matsin kowace silinda, tunda ya yi aiki cikin wahala. A kuma gwada agogon juyin da na'urar hannu mai ƙirga juyin farfela da haske. Giyabos ɗin 912 ULS yana rage juyi da 2.43, don haka in inji yana 5,200, farfela tana wajen 2,140.

Yanzu ga maganar da ta ishe ni, don kusan kullum sai na ji ta: wai ƙarin karkata ƙarin gudu ne kyauta. Wannan injin yana ba da ƙarfin doki 100 ne a juyi 5,800, wanda aka yarda ka riƙe na minti 5 kawai wajen tashi, sai 5,500 na tafiya mai ɗorewa. In farfela ta danne shi ta hana shi kaiwa nan, to dawakan da ka biya kuɗinsu ba su fito ba. A 4,700 ka zubar da wani kaso mai tsoka tun jirgi bai motsa ba. Kamar ka ɗauko mota cike da kaya ne ka ce sai ka hau tudu a giya ta biyar: totur a ƙasa, inji yana nishi, mota ba ta tafiya.

Kuma ba rashin ƙarfi ne kaɗai abin tsoro ba. Totur a buɗe, juyi ƙasa-ƙasa, matsin cikin silinda yana hawa, har mai ya daina ƙonewa a natse ya koma fashewa. Wannan fashewar tana cin fistan, tana dukan karanshaf da gidansa, kuma a cikin ƙarar jirgi kunnenka ba zai ji ta ba. Shi ya sa kamfanin Rotax ya ja kunne cewa in totur yana buɗe gaba ɗaya, kada juyi ya yi ƙasa da 5,200. Ka haɗa da zancen mai: 912 ULS yana son fetur mai oktan 95 ko sama da haka (oktan shi ne ma'aunin jurewar mai ga wannan fashewar). Wa zai rantse maka a kan abin da aka zubo a jarka daga gidan mai? Mai maras ƙarfi, rana mai zafi, farfela mai yawan karkata, ka tara duk abin da fashewar nan take nema. Zafin da ka gani ma daga nan yake, don famfon ruwa da na baƙin mai suna bin juyin inji ne, juyi ya ragu su ma sun ragu, wuta kuwa ta ƙaru.

Sai ka tuna inda kake. Filin jirgin Kano yana wajen ƙafa 1,560 sama da teku. A watan Afrilu, in zafi ya kai digiri 40, iska tana yin sakayau har jirgi ya ji kamar yana kusan ƙafa 5,000. Inji ya riga ya rasa ƙarfi, fiffike yana neman ƙarin gudu kafin ya ɗaga. Wanda ya kwafo lambar karkata daga wani bidiyon Turai, inda fili yake bakin teku ga sanyi, ya kawo ta nan ya ɗaura, bai san aikinsa ba. In Jos ka je, mai tsawon ƙafa sama da 4,000, abin ya fi haka muni.

Ragin shan man fa? Eh, agogo zai nuna ya ragu, saboda injin ba ya ba da ƙarfi ne. Da hannunka za ka samu wannan ragin in ka ja totur baya a sama, kuma ƙarfinka yana nan ajiye ranar da bishiya ta tsaya maka a ƙarshen titi. Balle ma CH 701, jirgin da aka ƙera don tashi a ɗan gajeren fili, jikinsa duk jan iska. Ko ka murɗe farfelar iya murɗewa ba zai zama jirgin tsere ba, sai dai ka ƙwace masa abin da ya iya.

Gyaran ba shi da wuya, natsuwa yake so. A kashe makunnan wuta biyu, a cire mabuɗi, a sa waigi a tayoyi, kuma a ɗauki farfela a matsayin mai iya tashi kowane lokaci. Kada a juya ta baya, don a injin 912 hakan yana iya jawo iska cikin hanyar baƙin mai. A sassauta notocin, a kawo reshe ɗaya ya kwanta daidai, a ɗora ma'aunin kusurwa a wurin da kamfanin farfelar ya ce. Wasu a kashi 75 cikin ɗari na tsawon reshe suke aunawa, kamfanin farfela na Warp Drive kuwa a can ƙarshen reshe, shi ya sa lambar wata farfela ba ta yi wa wata aiki. Kowane reshe a kawo shi wuri ɗaya da na farko kafin a auna, jirgi kuma kada ya motsa. Bambancin rassan kada ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na digiri, in ba haka ba jijjiga za ta ci maka giyabos. A ɗaure notoci bi da bi da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, sannan a sake aunawa, don reshe yakan goce wajen ɗauri. A duba ƙarshen rassan suna bi ta layi ɗaya, saɓaninsu kada ya wuce kamar milimita ɗaya da rabi.

Ku koma lambar da take a da, in an rubuta ta. In ba a rubuta ba, ku riƙa ragewa rabin digiri rabin digiri kuna gwadawa a ƙasa, har juyin ya kai abin da littafin jirgin ya faɗa. Daga nan ka tashi kai kaɗai da sanyin safiya. Wajen hawa kada ya gaza 5,200. In ka miƙe a sama da totur gaba ɗaya, ya wuce 5,500 amma kada ya haura 5,800. In yana neman haurawa, an rage da yawa, a ƙara kaɗan.

Ka ce wa makaniken ya nuna maka inda ya rubuta wannan aikin a littafin jirgi, da digirin da ya sa, da sa hannun injiniya mai lasisin NCAA, hukumar kula da harkar jiragen sama ta Najeriya. Ina kyautata zaton shafin babu komai. Wannan karon ka tsaya a kai a rubuta, sannan bayan tashin farko a sake bin notocin da sifanar aune kamar yadda kamfanin farfelar ya tsara.