Tarkon Gada Ne Ke Cin Gwaggon Biri

Malam, ka tambaya ko don nama ake farautar gwaggon birin dutse. Yawanci ba shi ake hari ba. Mafarauta kan ɗana tarkon waya ne don gada, sai ɗan biri ya zura hannu, wayar ta shaƙe hannun har ya ruɓe. Shi ya sa masu gadin dazuzzukan da birran ke zaune, wato Birunga (a kan iyakar Kwango, Ruwanda da Uganda) da Bwindi (a Uganda), ke fita kullum suna kwance tarkuna. Aikin ba wasa ba ne, a ɓangaren Kwango kaɗai an kashe musu fiye da mutum 200. Amma ya yi amfani: yanzu birran sun haura 1,000. Ruwanda kuma tana karɓar dala 1,500 a hannun mai zuwa kallo, kashi 10 cikin 100 na komawa ƙauyukan gefen dajin.