Ba kowane ƙaramin tsiro ne wada ba

Jiya muna ban ruwa ka tambaye ni, wai ƙananan tsiron nan masu kaurin ganye da matan unguwar Lekki a nan Legas ke saya su ɗora kan tebur, haka Allah Ya halicce su ko magani ake zuba musu. Duka biyun akwai, yaro.

Wasu wadanni ne tun asali. Lithops ɗin nan da ka ɗauka tsakuwa ce har ka kusa zubarwa, daga Namibiya da Afirka ta Kudu ya fito. Ko shekara goma ya yi ba zai miƙe ba, sai dai ya tsage ya ƙara kai a gefe. Wasu kuma jarirai ne kawai a matsattsiyar tukunya, wannan ko makaho ya shafa zai gane.

Maganin kuwa paclobutrazol ne, irin wanda masu gonar mangwaro ke zubawa a gindi don bishiya ta yi fure da wuri. Yana hana tsiro yin sinadarin da ke sa kara ya yi tsawo, sai ganye ya cunkushe, korensa ya yi duhu. Shi ya ci ni.

Wani dillali ya kawo min Echeveria, wani irin tsiron nan mai kaurin ganye, tukunya ɗari biyu, kowace dunƙule kamar furen kallo, ya rantse iyakar girmansu ke nan. Kuɗin da nake tarawa na tafiya gida Sallah na ƙirga masa a nan gefen titi. Na sayar wa wata hajiya a Ikoyi ta jera a ofisoshinta, na ba ta tabbaci da bakina, ni da na shekara ashirin ina taɓa ƙasa! Bayan wata huɗu magani ya sake su, ga ofis ba rana, suka miƙe zalau-zalau kamar wuyan zalɓe, ganyen ƙasa na zuba. Direbanta ya sauke min su a gaban kwastomomi. Na mayar da kuɗi har kwabo, dillali ya kashe layinsa. Sallar nan a Legas na yi ta, ban yanka ko kaza ba.

Ku yaran yanzu hoto kuke gani a waya ku ce kun san tsiro. In an kawo maka kaya, tambayi sunansa na ainihi, ka ajiye biyu wata uku kafin ka yi wa kowa alkawari.

Tashi ka kwashe tukwanen can ƙarƙashin rumfa, hadari ya taso, kwana biyu a ruwa saiwarsu ta ruɓe.