Sharar da ake zubawa Gulbin Maraɗi, ruwa na tafiya da ita ne?

Malam, ka tambaya wai in an zuba shara gulbi ai ruwa zai kwashe ta, to wallahi ba haka abin yake ba. Gulbin Maraɗi fa damina kawai yake kawo ruwa, sauran watanni rairayi ne, duk leda da tsoffin batir da kashin dabbobi nan suke kwanciya har ruwan farko ya zo ya jiƙa su, dattin ya tsuma ya nutse ƙasa, kuma wannan ƙasar ce masu garka ke haƙa rijiya suna ba salati da tumatir ruwa. Ka tuna kwalarar 2018 yadda ta yi ɓarna wajen Madarunfa, ruwa mai najasa ke yaɗa ta.

Iska kuma, zo ka tsaya kusa da juji da magariba lokacin da aka cinna ma leda wuta, baƙin hayaƙin nan mai kama maƙogwaro, mai asma ba ya barci ranar. Akuyar maƙwabcinmu ma da aka yanka, leda aka tarar cunkushe cikin tumbinta. Dokar hana leda tun 2014 aka yi ta a Nijar, amma je ka Babbar Kasuwa ka gani.